Ranar da Malam Ya Karanta Kalandar Mai Taya

Shekara talatin da ɗaya ina auren Malam Istifanus, ban taɓa jin ya ce "ran sha biyar ga wata" ba. Shi kwanakinsa sunaye gare su. Ka tambaye shi yaushe motar gero za ta iso daga Arewa, sai ya ce bayan ranar Bitrus da Bulus da kwana biyu. 'Yarmu Tereza ma sai da ta shiga makaranta ta san ranar haihuwarta tana da lamba. Na fara da wannan ne don mai karatu ya gane yadda mutum zai makance a gabanka, kuna ɗaki ɗaya kuna kwano ɗaya, ba ka sani ba. Ni ce Monika matarsa, kuma wannan rubutun hannuna ne, ba wanda ya riƙe mini biro.

Mu mutanen wajen Malumfashi ne, 'yan Katolika, muna zaune a Mile One ta Fatakwal tun Tereza tana goye. Malam hatsi yake sayarwa a kasuwa, ni ina ƙosai da kunu a ƙofar gida. Gidan hayar da muke ciki ɗaki tara ne, takwas Musulmi, kuma ba wanda bai san sabon Malam ba. Kowace safiya, da zarar maƙwabcinmu Alhaji Sabo mai albasa ya dawo daga masallaci, Malam zai tsaya gaban kalandar coci da ke rataye a ƙusa, ya ɗora yatsa, ya faɗi waliyyin ranar da inda za a karanta. Sai ya zauna a tabarma ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa ya karanta, ya ɗan ba da tarihin waliyyin, mu yi addu'a, mu tafi Mas, ibadarmu ta safe a coci. Ni nawa sauraro ne. Aji huɗu na yi a firamare aka cire ni, karatun ya daɗe da kwantawa.

Alamomin sun zo, ni ce na yi ta ba su wasu sunaye. Ya fara zuba shayi a gefen kofi, na ce tsufa. Ya daina tsallaka titi shi kaɗai, sai ya jira Alhaji su jera, na ce son hira. Wata mata a coci ta ce mini mijina ya fara girman kai, ba ya gaisuwa sai an fara gaishe shi, na kusa yin faɗa da ita. Ruwa kuwa, sai ya shanye jarka ƙarama kafin azahar, ga rama, wandonsa har ya fara neman igiya. A kasuwa ba wanda ya lura, don mutumin da ya shekara talatin yana awon gero, hannunsa ya san inda mudu ya cika.

Ruwan sama ne ya tona asirin. A ƙarshen Agusta kwanon ɗakinmu ya yi yoyo daidai kan kalandar. Da yamma na cire ta na shimfiɗa a kan randa ta sha iska, don kuma in rufe tabon bango sai na rataya wata da wani mai sayar da taya ya ba mu, girmansu ɗaya. Na manta ban gaya wa Malam ba.

Da safe ya tashi kamar kullum, ya tsaya gaban bangon, ya ɗora yatsa yana bin layi.

"Yau ranarki ce, Maman Tereza," in ji shi. "Waliyya Monika. Allah ya ba ki haƙuri irin nata."

Ya faɗi inda za a karanta, ya zauna, ya buɗe Littafi, ya karanta tiryan-tiryan ba ko tuntuɓe. Ina zaune ina kallon kalandar, ina kallonsa. Na bari har muka ce amin.

Na ce, "Malam, hoton mene ne a jikin kalandar?"

"Waliyya Monika ce mana, da ɗanta."

"Tayar tirela ce, Malam."

Ya rufe Littafin a hankali ya ɗora hannu a kai. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce idon dama tun kafin bikin Ista ba ya ganin komai da shi, na hagu kuma kamar ana ƙona ɗanyen icce a gabansa. Ranakun waliyyai ba sa canzawa, duk suna kansa, shi ya sa bai taɓa kuskure ba. Karatun kuwa, abin da ya haddace yake zubowa, yana juya shafi in ya ga lokacin juyawa ya yi. Ni kuma Mas ɗinmu da Turanci ake yi, ban isa in gane cewa abin da aka karanta a coci ba shi na ji a gida ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce, "Wata biyar kana yi mini wasan kwaikwayo da Maganar Allah a hannu?"

Ya ce, "In na faɗa, wa zai karanta mana? Kuma ranar Istifanus fa?"

Ranar Istifanus ita ce washegarin Kirsimeti. Duk shekara 'yan Katolika masu jin Hausa, na Mile One da na Rumuokoro, suna taruwa a tsakar gidanmu da rana, Malam ya karanta musu tarihin mai sunansa da Hausa, a ci tuwo. Shi ne abu ɗaya a garin nan da yake ji nasa ne. Tsoronsa kada a ce likita ya hana, ko a ce makaho ne a miƙa wa wani.

Washegari, ranar Waliyyi Agustin, na rufe kaskon ƙosai muka hau keke mai ƙafa uku zuwa asibitin gwamnati. Layin kati kaɗai ya ci mana safiya. Muka samu kati, aka ce likitan ido sai mako mai zuwa. Muka dawo mako mai zuwa, aka ce na'urar da ake dubawa da ita ba wuta. Zuwa na uku, ranar Haihuwar Maryamu, muka shiga. Benci ɗaya ne na mutum shida, mu wajen arba'in, tsofaffi a tsaye suna dafa bango. Wannan ba zan yafe wa tsarin wurin ba ko da na yafe wa mutanen.

Likitar wata 'yar siririya ce, ba ta kai Tereza ba. Ta daɗe tana haska idon dama, ta koma na hagu, ta aika mu awon jini. Da muka dawo da takarda sai ta juyo wajena, ta nuna idon dama.

"Madam, this one don go. Na the other one we go fight for."

Har yau maganar tana kunnena da muryarta. Na dama ya tafi, jijiyar ta mutu, hawan jinin ido ne ya cinye ta a hankali. Na hagu yana ce ta rufe shi, ana iya cirewa, amma suga ya yi yawa a jininsa, ba za su taɓa shi da wuƙa ba sai ya sauka. Na tambaye ta in da mun zo kafin Ista fa. Ta ce da wataƙila an tsare wani abu. Malam ya ji, don yana jin Turanci fiye da ni. Muka hau keke muka koma gida.

Safiyar da ta biyo, na mayar da kalandar coci ƙusarta, ta bushe ta yi kumbure-kumbure. Malam ya zauna a tabarma ya ɗauko Littafin zai buɗe. Na karɓe daga hannunsa.

Ya ce, "Me za ki yi da shi?"

Na ce, "Ƙarya ta ƙare a ɗakin nan. Faɗa mini yadda ake nemowa."

Ranar farko, nemo wurin kaɗai ya kai mu har aka fara bugun ƙararrawar coci. Rubutun kalandar ƙanana ne, sunayen littattafai a gajarce da Turanci. Nakan faɗa masa harufa ɗaya-ɗaya, ya ce wane littafi ne, ya ce in yi gaba ko baya. Da na fara karantawa, da ƙyar nake haɗa kalmomi. Layi biyar na yi, gumi ya jiƙa mini ɗankwali. Shi kuwa Malam, maimakon ya tausaya mini, kafin in gama haɗa kalma ya riga ya faɗe ta. Sai da na ce masa in ya ƙara sau ɗaya zan miƙa masa ya ci gaba da karatun tayarsa. Ya yi dariya, ita ce ta farko tun ranar Monika.

Na sayi fensir. Da rana in kasuwar kunu ta lafa, sai in duba karatun gobe, in rarraba kalmomi masu wuya gaɓa-gaɓa da ɗan layi. Bangon ɗakinmu ba kauri, Alhaji Sabo yana jin komai. Wata safiya ya tsaya yana ɗaure buhu ya ce, "Maman Tereza, yau kin gamu da sunaye masu ƙahoni. Na ji kina kokawa da wani sarki har sau uku." Na ce masa sarkin ne ya sha ƙasa.

Shawarwari kuwa sun zo mana kamar ƙudaje kan mangwaro. Ƙanwar Malam, Laraba, ta aiko daga gida da wani tozali da aka haɗa da saiwa, ta bugo waya ta ce kada in kuskura in bar 'yan asibiti su ƙwaƙule wa yayanta ido. Wata a gidanmu ta ce zuma, wata ta ce nonon mai jego. Alhaji, da zuciya ɗaya, ya ce akwai wani mutum a Onitsha da ke ture yana da allura a zama ɗaya, shi zai kai mu da kansa. A coci ma ba a bar mu ba, wata 'yar zumuntar mata ta ce in riƙa ɗiga masa ruwa mai albarka safe da yamma, in yi addu'ar kwana tara ga Waliyya Lusiya mai kula da masu ciwon ido. Na kwashe duka na kai wa likita. Ta ce ido ɗaya ya rage mana, duk abin da ba ita ta rubuta ba kada ya shiga. Addu'ar na yi, har sau uku na maimaita ta. Ruwan albarkar kuwa a goshi nake shafa masa, tozalin Laraba yana nan a ƙasan akwati.

Yaƙin suga ya fi yaƙin dangi wuya. An hana shi shayi mai zaƙi, an rage masa tuwo, mutumin da ke sayar da hatsi aka ce ya riƙa auna nasa da ludayi. Maganin ɗigon ido sau uku ne a rana, sai na haɗa shi da addu'ar Mala'ika da ake buga wa ƙararrawa a coci, shida na safe, sha biyu, shida na yamma. In ƙararrawa ta buga, ko ina tsakiyar suya sai in wanke hannu in shiga. Ba mu taɓa tsallake ɗigo ɗaya ba. Aka sa mana ranar aiki, ta faɗo daidai ranar Waliyyi Luka, wanda shi ma likita ne, Malam ya ce wannan alama ce.

Saura kwana tara, ya faɗi a coci. Muna layin karɓar Jibi Mai Tsarki, wato gurasar da ake ba mu a baki lokacin Mas, ina riƙe da gwiwar hannunsa, sai na ji ya yi nauyi, gumi ya keto masa, ya sulale ƙasa. Wata nas da ke cikin jama'a ta tambaye ni me ya ci. Na ce ba komai. Malam irin tsofaffin nan ne da ba sa sa komai a baki daga sun kwanta sai sun karɓi Jibi, ga azumin Juma'a da ba ya sakewa. Ni kuma ina ba shi ƙwayar suga da ruwa kafin mu fita, ina ganin na iya jinya. Nas ɗin ta sa aka kawo lemon kwalba, ya farfaɗo. Laifin nan rabi nasa ne rabi nawa, kuma shi ne na fi so duk mai jinyar mai suga ya riƙe: ƙwayar nan ba a shan ta a tafi da ciki wayam.

Ya tsorata, ya daina shan ƙwayar a ɓoye don kada ya karya azuminsa. Ranar Luka aka auna, suga ya koma sama, aka sallame mu daga ƙofar ɗakin aiki da jakarmu. Na yi kuka a bakin titi, ban ji kunyar kowa ba. Daga nan ban biya gida ba, na ja shi har ofishin Fada, limamin cocinmu. Fada ya saurare mu, ya ce wa Malam doka sa'a ɗaya ce kawai kafin Jibi, mara lafiya kuma ko ita ba ta hau kansa ba.

Malam ya ce, "Fada, haka katikis ɗinmu, malamin addini, ya koya mana tun muna yara."

Fada ya ce, "To yau ni na ba ka wani azumin. Ka yi azumin gardama da matarka har a yi aikin."

Ya bi, ba don ni ba, don Fada ne ya faɗa. Kowace safiya sai ya ci ɗan wake da ganye, ya sha ƙwaya, in karanta, mu tafi. Tereza ta zo daga Enugu ta riƙe mini kasko mako biyu, 'yan zumuntar mata suka yi ta kawo abinci, Alhaji ya sa ido a rumfar hatsi kamar tasa. Ranar Dukan Waliyyai na karanta karatun duka ba tare da Malam ya ɗago ni ko sau ɗaya ba. Tereza tana bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta ce, "Mama, ashe haka kika iya?" Na ce mata da ba a tambaye ni ba ne.

Ranar Waliyya Sisiliya aka yi aikin. Bai kai sa'a ɗaya ba, ni dai na ja carbi zagaye uku a benci. Washegari aka cire bandeji, ya ƙifta, ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Kin tsufa." Na ce shi ma da ya ga kansa da bai yi magana ba. Fuska yana gani, titi yana gani, amma rubutu har yanzu tururuwa ne, likita ta ce sai ido ya zauna a auna masa tabarau, kuma ba ta yi alkawarin ƙananan harufa ba. Ranar Lusiya muka koma, aka ce a ƙara mako. Ana saura kwana huɗu Kirsimeti tabarau ya fito. Ya sa, ya ƙi buɗe Littafin. Na gane tsoro yake ji, ban matsa masa ba, na ci gaba da karatuna.

Tun farkon Oktoba, ba tare da ya sani ba, na fara koyon karatun ranar Istifanus, don in abin bai yiwu ba kada a miƙa wa bare. Na cika shafin da layukan fensir. Wata rana da abin ya yi mini nauyi, bayan an sallame mu ranar Luka, na rubuta wata 'yar magana a gefen shafin, na manta da ita.

Ranar ta zo. Tsakar gida ta cika, an shimfiɗa tabarmi har bakin famfo, tukunyar tuwo tana kan wuta. Alhaji ya fito da kujerarsa ya zauna can gefe yana ɓare goro, wai iska yake sha. Malam ya miƙe da farar rigarsa da tabarau, ya ce in miƙo Littafin. Na miƙa, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Wannan tarihin ya fi kowane zama a kansa, zai iya zubo shi ido rufe, kuma mutumin da ya ruɗe ni wata biyar zai iya ruɗar tsakar gida ɗaya.

Ya fara. Ba irin karatunsa na da ba ne mai gudu kamar ruwan famfo. A hankali yake tafiya, yana karkata kai don idon hagu ya samu layi, yatsansa yana bi. Na ce a raina ko wannan ma ya iya kwaikwaya. Ya kai tsakiyar shafi sai ya tsaya. Ya matso da Littafin kusa da fuska, ya juya shi gefe. Mutane suka fara kallon juna, wani ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Jama'a, akwai wata aya a nan da ban haddace ba."

Ya karanta ta gaɓa-gaɓa, don rubutuna ba kyau: "Ya Ubangiji, ka bar masa ɗaya. Ni ma na ga wuyar da yake sha kullum."

Na rufe fuska da gyale. Murna ce da kunya suka haɗu mini, da kuma alfahari, ba zan ɓoye ba. Ya ga fensir, abin da ko ni sai na matso nake gani.

Ya cire tabarau ya goge, ya ce shi ya karanta rabi da ido ɗayan da aka roƙa masa, sauran rabin na mai fensir ne. Na tashi, na karɓa, na karanta har ƙarshe a gaban mutanen Mile One da na Rumuokoro, ban yi tuntuɓe ba sai sau ɗaya, shi ma Malam ya kama bakinsa.

Idon dama bai dawo ba, ba kuma zai dawo ba, ɗigo da ƙwaya kuwa sun zama abokan zama. In kuna da tsoho a gida da ya san abu da ka, ko karatu ne ko hanya ko sana'a, kada ku yarda da ƙwarewarsa, ku miƙa masa abin da bai taɓa gani ba ku ce ya faɗa muku mene ne. Yanzu a ɗakinmu Malam ne ke faɗin waliyyi ya karanta na farko, ni in karanta Bishara. Kalandar mai taya tana nan rataye kusa da ta coci, shekararta ta wuce amma na hana a cire. Duk ranar Monika sai in sa shi ya karanta mini ƙananan rubutun da ke ƙasan tayar.